Hulunan Baba Jalo

Wunti, Bauchi
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Mahfuz,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba Jalo, Ya sa ya huta.

Ni ce Ni'ima ta gidan kawunka na Tirwun, wadda kake ce wa kurma don ba na magana. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa rubuta wasiƙa ba in ba a jarrabawar firamare ba. Anti Roda ta barikin sojoji na Shadawanka, wadda Goggo mahaifiyarka take yi wa ɗinki, ita ta ce mijinta Godfrey yana kai muku kaya da mota, kuma dajin da aka tura ku waya ba ta shiga. Shi zai kawo maka wannan takarda.

Babana ya kawo ni in taya Goggo zaman takaba. Mu biyu ne a gidan. Mutanen Tirwun duk lafiya. Goggo ce ba lafiya, kuma ta ce kada a gaya maka. Ba ta san na rubuta ba.

Ba kullum abin yake zuwa ba, amma na gane ranarsa. In ta idar da sallar asuba takan shiga ɗakin Baba Jalo ta saki labule. In ta fito ba ta karyawa. Sai ta ɗauko dardumarsa ta shimfiɗa a tsakar gida, ta zauna a gefe tana kallon ƙofar zaure. Da rana ta ɗaga sai gumi ya tsattsafo mata a goshi, hannunta ya kama rawa, jikinta ya yi sanyi kamar randa. Can sai ta gyara mayafi, ta yi murmushi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Yaya, babu kowa a ƙofar. Rana tarwai, ana jin ƙarar keke-napep a titi da mai tallan awara, ita kuma tana matsawa gefe kamar tana ba mutum wuri. Daga nan maganarta takan harɗe, ta faɗi.

Ƙanin babanka, Baffa Izzuddeen, ya kawo wani malami. Ya yi tofi a zuma, aka shafa mata a baki, ba a jima ba ta buɗe ido. Kowa ya ce to an gani, iska ce. Malamin ya bar mini kwalbar zumar, ni nake shafa mata yanzu. Amma in ta farka ba ta gode mini. Kallona take yi kamar na ƙwace mata wani abu.

Akwai kuma zancen huluna. Kayan Baba Jalo suna nan yadda ya bari, ana jiranka a raba. Hulunansa suna jere a kan wadirof. Duk ranar da abin ya faru, in na shiga shara sai in tarar da ɗaya a juye ba yadda na bar ta ba, bakinta yana kallon sama. Rannan na ɗauki ɗaya zan kaɗe ƙura, sai na ji ƙaras-ƙaras a cikin shafinta. Layu ne aka ɗinke a ciki, da yawa. Na yi bismillah na mayar. Ban gaya wa kowa ba, na san ba a tona laya.

Ni kaɗai nake yi mata girki. Da yake ba ta son cin komai, akwai abin da nake zuba mata a kunu ba ta sani ba. Don Allah kada ka gaya mata. Anti Roda tana jira a zaure, bari in tsaya haka.

Taubashiyarka,
Ni'ima

*

Bakin aiki
Ranar Asabar

Ni'ima,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Da na ga sunanki na yi dariya, na ce yau kurma ta yi magana. Kafin in kai ƙarshe dariyar ta tsaya.

Na kai wa likitanmu na nan wasiƙar. Ya ce gumi da rawar jiki da sambatu, sannan mutum ya farfaɗo da zuma, wannan sugan jini ne yake faɗuwa. Ya tambaye ni ko Inna tana da ciwon suga. Na ce Baba ne yake da shi, shi ne ma ya yi ajalinsa, ita ba ta da shi. Ya ce mai lafiya suga ba ya faɗi masa haka kawai. Ko dai akwai wata cuta a cikinta, ko kuma maganin masu suga yana shiga jikinta. Baffa ya taɓa aiko mini cewa ragowar maganin Baba shi da kansa ya ƙona ranar sadakar uku. Inna kuwa tana takaba, ko zaure ba ta fita.

Sai na sake karanta ƙarshen wasiƙarki.

Me kike zuba wa mahaifiyata a kunu? Wa ya ba ki? Ke yarinya ce, wataƙila wani ya ce miki maganin ƙarfi ne. Ki faɗi gaskiya, ba zan yi miki komai ba. Na rubuta wa Baffa ya kai ta asibiti, kuma ki daina taɓa abincinta.

Mahfuz

*

Asibiti, ɗakin mata
Ranar Laraba

Yaya Mahfuz,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Ni lafiyata ƙalau.

Sukari ne. Sukari da garin dabino. Tun rasuwar Baba Jalo Goggo ta ƙi duk wani abu mai zaƙi, ni kuma na ga tana ramewa. Abin da nake zubawa ke nan. Da ba a jirana a zaure rannan da na rubuta.

Kafin wasiƙarka ta iso mun riga mun zo asibiti. Zumar ce ta ƙare. Malamin ya yi tofi a ruwa, aka shafa, aka yayyafa, Goggo ba ta motsa ba. Haƙoranta suka datse. Maƙwabta suka taimaka aka sa ta a keke. A nan suka huda yatsanta, wata 'yar na'ura ta nuna lamba, nas ɗin ta kwasa da gudu. Suka ɗibi jini tukuna, sannan suka sa mata ruwan suga a jijiya. Ina tsaye ta buɗe ido, ta yi mini irin kallon nan.

Likitar da take duba ta mace ce, sunanta Likita Patricia. A Hausarta tana ce wa mace "kai" wani lokaci, amma tana da kirki. Ta yi mana bayani irin na likitanku. Ta ce akwai ƙari da yakan fito a ciki ya riƙa cinye sugan mutum, akwai kuma ƙwayar masu ciwon suga, kuma a gwajin da suke yi a nan su biyun kama suke yi. Sai an aika jinin da aka ɗiba lokacin faɗuwar zuwa wani gari, a nemi ƙwayar ita kanta a ciki. In ba a same ta ba, to ƙari za a nema, wataƙila har a yi aiki. Ta tambayi Goggo ko tana shan wani magani. Goggo ta ce ita ko na ciwon kai ba ta sha.

Sannan wasiƙarka ta zo hannun Baffa. A gaban matan ɗakin ya karanta. Ya zazzage jakata a ƙasa, har ɗan kamfaina, ya shinshina kwalbar man shafawata. Wata mai jinya a gadon kusa ta janye kwanonta daga kusa da ni. Na durƙusa ina tattara kayana. Na kalli Goggo. Ta juya fuskarta bango. Yaya, ta san ba ni ba ce. Na ga ta sani.

Ba don in sa ka ji kunya na rubuta ba. Ga abin da ya sa.

Tun da aka kwantar da ita abin bai sake zuwa ba. Ta fara cin tuwo, har ta gyara wa wata nas wuyan riga da allura. Sai shekaranjiya ta yi ta kuka a hankali, ta ce in je gida in ɗauko mata hular Malam ko guda ɗaya ta riƙa jin ƙanshinsa. Na ɗauko mai ruwan ƙasa. Ta ɗora a ƙirji ta rufe da mayafi.

Jiya da hantsi ina wanke kofi sai na ji ɗakin ya yi tsit. Na juyo. Goggo ta tashi zaune tana kallon ƙofa, goshinta yana ƙyalli, tana murmushi. Ta janye ƙafafunta ta bar wuri a bakin gado. Matan ɗakin duk suka bi ƙofar da kallo, wata tana karanta ayatul kursiyyu. Babu kowa sai guga da abin goge ƙasa.

An sake sa mata ruwa ta dawo. Baffa ya ce an gani, yarinyar nan ta je gida ta dawo, ciwo ya dawo. Jibi za a mayar da ni Tirwun, matarsa za ta karɓi jinya. Ban ƙi tafiya ba. Amma matar Baffa waya take dannawa, ba ta san daga goshi gumin yake farawa ba, ba ta san shirun da Goggo take yi kafin nan ba. Likita ta ce in aka makara wata rana ba za ta farka ba.

Ina ta tunani ko layun nan ne suke kiran Baba Jalo. Da na ɗauko hular, shafinta cike yake ta ko'ina. Ɗazu da na gyara mata filo hannuna ya taɓa, sai na ji gefe ɗaya ya yi laushi, babu komai. Laya tana raguwa? Kai ka fi ni sani.

Ni'ima

*

Bakin aiki
Ranar Lahadi

Ƙanwata Ni'ima,

Ki yafe mini. Na cuce ki, kuma a gaban mutane. Wannan maganar sai na zo, takarda ba za ta ɗauke ta ba.

Yanzu ki saurara. A wasiƙarki ta farko kin yi zancen layu, na wuce shi da sauri saboda hankalina yana kan kunu. Baba ba ya laya. Ina ƙarami kakata ta rataya mini ɗaya a wuya, ya tsinke ta a gabanta, suka yi wata ba sa gaisawa. Mutumin nan ba zai ɗinka laya a hularsa ba.

Tun jiya nake tuna hutuna na ƙarshe. Kullum da safe in zai tafi shagonsa na yadi, Inna takan yanko masa ƙwaya ɗaya daga katin magani da almakashinta, da ledarta, ta bi shi zaure ta sa masa a tafin hannu. Yakan ce sai ya je kasuwa zai sha da shayi. Muna fita ƙofa sai ya ɗaga hula kamar mai susar kai, ya mayar. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Susa na ɗauka.

Duk inda wannan takarda ta same ki, ki tashi ki kai wa Likita Patricia ita, hannu da hannu. Kada ki bi ta wurin Baffa. Na san magana tana yi miki wuya. Ba sai kin ce komai ba, ki miƙa kawai.

Taubashinki mai laifi,
Mahfuz

*

Wunti, Bauchi
Ranar Litinin

Yaya Mahfuz,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri. Goggo tana da rai, muna gida. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba.

Wasiƙarka ta daɗe a hanya, motar su Godfrey ta lalace. Ina Tirwun ina taya Innata cirar gyaɗa, ba wanda yake gaya mini komai. Ashe bayan tafiyata abin ya sake zuwa, ya fi na da. Matar Baffa ta ɗauka barci take yi, ta ja mata bargo. Sai da nas ta zo zagaye ta taɓa ta. Ranar ba ta dawo hayyacinta ba sai bayan la'asar, kuma da ta farka ta daɗe ba ta gane Baffa ba.

Anti Roda da kanta ta zo har gona da takardar. Da na karanta na bar gyaɗar a nan na bi ta. Ita ta riƙe hannuna har asibiti, ko ƙasar ƙafata ban wanke ba.

Mun tarar sakamakon jinin ya dawo. An sami ƙwayar a ciki, babu zancen ƙari. Likita ta riga ta gaya wa Baffa cewa ba ni ba ce, tun da ina Tirwun aka yi na ƙarshen. Sun duba lokar da ke gefen gadon Goggo, da ƙarƙashin katifa, da jakarta, da kwanukan abinci, ba su ga komai ba. Hular tana kan ƙirjinta kowa yana gani. Wa zai sa hannu ya ɗauke hular mamaci daga ƙirjin mai takaba?

Na miƙa takardar kamar yadda ka ce. Likita ta karanta a tsaye. Na ɗauka za ta je ta fizge hular. Ba ta yi ba. Ta ce wa Baffa da matarsa su ɗan ba mu wuri, ta ja labule ta kewaye gadon, ta jawo kujera ta zauna. Ni ta ce in tsaya.

Ta ce, "Mama, ba faɗa na zo yi ba. Na san maganin yana nan kusa da ke. Ina so in ji abin da yake ba ki."

Goggo ta daɗe tana shafa hular. Sannan ta kalle ni, karo na farko tun ranar jaka. Ta zaro 'yar rezar da take farke ɗinki da ita daga bakin zaninta, ta miƙo mini tare da hular. Ta ce in farke.

Na yi bismillah duk da haka. Da na buɗe shafin sai suka zubo a kan zanin gado, ƙananan ledoji masu ƙyalli, kowace da ƙwayarta fara a ciki. Gefen kowace yana da haƙora-haƙora, yankan almakashin Goggo na bakin yadi.

Ta ce bayan sadakar bakwai ta ɗauko hulunan za ta wanke, sai ta ji su. Ta farke ɗaya, ta farke ta biyu. Duk wadda ta ɗauka haka. Shekaru tana bin sa zaure da ƙwaya a hannu, tana ce wa mutane Malam ba ya fashin magani, ashe a kansa yake yawo da su har ƙafarsa ta ruɓe.

"Guda ɗaya na sha," in ji ta, "don in ji wane irin ɗaci gare ta da ya gwammace ya bar ni. Ba ta da ɗaci ko kaɗan. Ina zaune sai gumi, sai ga shi a bakin ƙofa da farar rigarsa. Na ce, Malam, don me? Ya buɗe baki zai ba ni amsa, sai aka shafa mini zuma."

Ta ce ba mutuwa take nema ba, ta san haramun ne. Amsar take nema. Duk zuwan da zai yi yakan ƙara matsowa, rannan har ya zauna a bakin gado, amma kullum yana buɗe baki sai a dawo da ita. Shi ya sa ta fara shan biyu.

Likita ta gaya mata a hankali cewa ƙwaƙwalwa in ta rasa suga takan nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi so, kuma duk tafiyar da ta yi wani abu yana mutuwa a kanta. Ta ce saura kaɗan ta dawo ba ta san ɗanta ba. Goggo ta ce ita dai ta san shi ta gani. Likita ba ta yi mata musu ba. Ta ce, "To amma Mahfuz ma yana da tambayar da zai yi miki, shi kuma yana da rai."

Sai Goggo ta kama hannuna da ƙasar gonar a jiki, ta ɗora a fuskarta. Ta ce tana ji ana zazzage jakata, ta san kalma ɗaya za ta ce a bar ni, amma in ta faɗa za a ɗauke mata Malam. Na ce mata ba komai, na goge mata hanci da mayafina.

Sun riƙe ta har maganin ya fita daga jikinta. Akwai wani likita da take zuwa wurinsa yanzu, shi ba ya allura, hira kawai suke yi. Ranar da muka dawo, ni da ita da Anti Roda muka sauko da hulunan duka muka farke a tsakar gida. Ƙwayoyin sun cika kwanon sha. Anti Roda ta kai wa likita. Na bi aljihun rigunansa da cikin filo da akwatin keken ɗinki, babu saura. Goggo tana mayar da shafin hulunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba za ka tarar da kayan ubanka a farke ba. Baffa bai ce mini komai ba, amma ya aiko mini da sabon takalmi.

Tana karyawa yanzu, a gabanta nake zuba sukarin. Sai dai har yau in rana ta ɗaga takan tsayar da keken ɗinki ta kalli zaure. Nakan duba goshinta, a bushe yake. Takan jima a haka, sannan ta ci gaba da taka keke. Jiya na ji ta ce, ba da ni take ba, "Ko kalma ɗaya."

Anti Roda ta ce an ba ka hutu, kana tafe. Na yafe maka tuni, amma ba za ka fasa ba ni tukuicin taubashi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Muryarka irin ta Baba Jalo ce, tsawonku ma ɗaya. Kada ka zo da hantsi. Ka bari sai bayan azahar, ta ci abinci. Ka zo da kakinka, kada ka sa farar riga, kada ka sa hula. In ka iso zaure ka tsaya, ka yi sallama da ƙarfi, ka faɗi sunanka kafin ka ɗaga labule.

Zan zauna kusa da ita in riƙe hannunta.

Taka,
Ni'ima